Mota na firi amma tana rarrafe da sanyin asuba: kuloci ne, giyabos ne, ko mai?

Tambaya: Wani direba daga wani ƙauye a yankin Gumel yana da Golf mai giyar hannu, yana haya da ita, musamman ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari. Ya ce tun da hunturu ya kama, idan ya tayar da ita bayan sallar asuba ya bar ta tana ɗumi, giya na firi, sai ya ga tana matsawa gaba a hankali ba kowa a ciki. Da rana ta ɗaga kuma ba ta yi. Wani ya ce masa faifan kuloci ne, wani ya ce sai an sauke giyabos. Yana son ya san gaskiyar lamarin kafin ya kashe kuɗi.

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara tsarewa. Abu na farko da zan roƙe ka shi ne kada ka bari a kwance maka ko noti ɗaya tukuna. Yadda ka kwatanta abin, sai da sanyin asuba take yi, da gari ya yi ɗumi ta daina, ya fi kama da aikin man giya mai kauri. Akwai kuma gwajin da za ka yi da ƙafarka ta hagu, ba ko sisi, wanda zai raba maka gardamar mutanen nan biyu. Amma bari mu fara leƙa cikin giyabos ɗin, don idan ka gane abin da ke gudana a ciki, kai da kanka za ka san wanda ya faɗa maka daidai.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka idan an sa mota a firi, komai na cikin giyabos ya tsaya cak. Ba haka ba ne. Muddin inji na aiki, ƙafarka kuma ba ta kan kuloci, to inji a haɗe yake da giyabos, yana ta juya shaf, wato sandar ƙarfen da ke shigar da ƙarfi. Kusa da shi akwai shaf na biyu, wanda ke fitar da ƙarfin zuwa tayoyi. Kowace giya, daga ta ɗaya har ta biyar, haƙora biyu ne, ɗaya a kan wannan shaf, ɗaya a kan wancan, kuma kullum a sarƙe suke da juna, ko kana tafiya ko kana tsaye. Dabarar da aka yi ita ce, ɗaya daga cikin biyun ba a kafe shi a jikin shaf ɗinsa ba. Zura shi aka yi, yana zaune a kan wasu siraran boris, yana iya juyawa shi kaɗai. Idan ka sa giya, wani zobe ne ke zamewa ya kulle haƙorin nan da shaf, sai ƙarfi ya samu hanyar wucewa. A firi ba a kulle ko ɗaya ba, amma juyi bai tsaya ba. A wani wurin haƙori ne ke juyawa a kan shaf ɗin da ke tsaye, a wani wurin shaf ne ke juyawa a cikin haƙorin da ke tsaye. Tsakaninsu ɗan rata ne siriri ƙwarai, kuma ba komai a cikin ratan nan sai man giya. Haka ma tsakanin zoben tagullar nan da ke daidaita gudu kafin giya ta shiga da wurin da yake hawa, mai ne a kwance.

Ka lura da mace tana tuƙa tuwo. Lokacin da ruwa ne zalla a tukunya, ko yaya ta juya muciya, tukunya ba ta motsi. Da an zuba gari ya yi kauri, dole ta danne tukunyar, in ba haka ba sai ta bi muciya. Muciyar ba ta kama tukunya ba, tuwon da ke tsakaninsu ne ke jan ta. To haka man giya ke yi da asubar hunturu: haƙori na juyawa, mai ya yi kauri, sai ya riƙa jan shaf ɗin fita a hankali, shi kuma ya miƙa wa babban haƙorin ƙarshe da ke raba ƙarfi ga tayoyi, wanda ke ninka ɗan jan nan kusan sau huɗu. Abin da ya sa gaba take yi ba baya ba, duk giyoyin gaba wuri ɗaya suke ja, haƙorin ribas kuwa a irin giyabos ɗinka a janye yake gefe guda, ba ya taɓa kowa sai ka sa shi.

Mutane ba su cika yarda da yadda sanyi ke canza mai ba sai sun ga lamba. Kamfanonin mai suna auna kaurinsa a zafin digiri 40 da kuma digiri 100, da wani ma'auni da ruwan sha yake kusan 1 a kansa. Man giya na 80W-90 a digiri 100 kaurinsa wajen 14 ne ko 15. A digiri 40 ya kai kimanin 140. Idan ya sauka digiri 10 kuwa, yana haura 1,000. Man 140, wanda ake rubuta wa 85W-140, a digiri 40 ma ya wuce 300, a digiri 10 ya kai dubu uku. Shi kuwa 75W-90 mai kyau a sanyin nan bai cika wuce 500 ba. Daren Disamba da Janairu a ƙasar Kano da Jigawa yakan sauka digiri 12 ko 13, wani lokaci har ƙasa da 10 a bayan gari da bakin fadama, kuma motar da ta kwana a fili ƙarfenta ya sha sanyin nan kaf. Ke nan man da ke cikin giyabos ɗinka da asuba ya ninka kaurin da yake da shi lokacin da kake tsakiyar tafiya sau talatin ko fiye. Mai ɗaya ne, galan ɗaya, amma kusan a ce abu biyu ne daban.

Ga inji shi ma yana ƙara wa abin ƙarfi. Injin fetur idan ya kwana silonsa, wato juyin da yake yi ba a taka totur ba, sama yake tashi. Mai kafireta cok ne ke ɗaga shi, mai injekta kuma kwamfutar motar ce ke ƙara masa. Sai ka ga allura a 1,200 ko 1,500, maimakon 800 zuwa 900 da take zama idan ya yi zafi. Jan da mai ke yi kuwa yana ƙaruwa da saurin juyi. A daidai lokacin da mai ya fi kauri, a lokacin ne shaf ya fi gudu. Bayan 'yan mintuna silo ya sauko, haƙoran da ke ta kaɗa man sun ɗan sassauta shi, sai jan ya ragu har ya ɓace. Duk mai babur ya san wannan: ka ɗora Boxer a kan doguwar ƙafarsa da sanyin safe ka tayar, tayar baya za ta riƙa juyawa a firi, ka sa takalmi ka tare ta ta tsaya.

Amma a nan ina so in gaya maka ra'ayina ƙarara. Sanyinmu bai kai na ƙasashen da ake ƙanƙara ba. A can, motar da ke da man da ya dace ma tana iya rarrafe. A nan wurinmu, idan man da ke ciki shi ne wanda aka ƙera giyabos ɗin da shi, abin da na saba gani shi ne taya ta juya idan an ɗaga ta a jak, amma da wuya motar da ke ƙasa ta tafi. Dalili kuwa lissafi ne. Mota mai nauyin kusan tan ɗaya, a kan siminti mai santsi, tayoyi cike da iska, ƙarfin da zai motsa ta kamar na ɗaga kilo 10 zuwa 15 ne. Kaɗan ne, shi ya sa yaro ɗaya ke tura ta a gareji, amma kuma ga ɗan jan mai ba ƙaramin aiki ba ne. Don haka idan taka tana tafiya da gaske, ina kyautata zaton wani abu ya taru ya taimaka: ko man ya fi ƙarfin giyabos ɗin, ko silo ya yi yawa, ko wurin da kake ajiye ta yana da gangare. Kada ka raina na ƙarshen nan. Daɓen simintin ƙofar gida ko na gaban shago da gangan magini ke karkata shi don ruwan sama ya wuce, kuma gangaren santimita 1 ko 2 a kowace mita, wanda ido ba ya kamawa, ya kusa isa ya tafiyar da mota shi kaɗai. Sai ɗan jan mai da karkarwar inji su ƙarasa. A kan rairayi irin na ƙasar Gumel kuwa, ƙarfin da ake bukata yana ninkawa sau goma ko fiye. Motar da ke rarrafe a firi cikin rairayi, wannan ba mai ba ne, kuma zan zo kanta.

Ga gwajin. Gobe da asuba, ka tabbatar ba kowa a gabanta, ka shiga ka zauna, ka tayar da ita a firi, ka ɗauke ƙafa daga kuloci. Da ta fara matsawa, ka taka birki ta tsaya, ka danne kuloci har ƙasa, ka ƙirga huɗu a ranka, sannan ka saki birki kuloci na danne. Idan ta zauna ba ta motsa ba, ka saki kuloci kuma ta sake fara ja, to ta cikin giyabos jan yake bi. Idan kuwa ta ci gaba da tafiya duk da ka danne kuloci, ka fara zargin ƙasa. Daren nan sai ka juya ta, gaba ya koma inda baya yake. Ta yi baya da safe, magana ta ƙare, daɓe ne.

Yanzu ga wanda ya ce maka faifan kuloci ne. Ba na zargin niyyarsa, amma ka duba da kyau. Kuloci iri biyu yake lalacewa. Ko ya cinye ya riƙa zamewa, ka taka totur inji na kuka mota ba ta ja. Wannan rage ƙarfi yake yi, ba zai tura mota ba. Ko kuma ya ƙi saki idan an taka shi. To a firi, ƙafarka ba ta kan kuloci, ai ba ka ce masa ya saki ba, aikinsa ne ya riƙe. Sabon kuloci fil da tsohon da ke ciki, abu ɗaya za su yi a wannan halin, su juya shaf ɗin shiga. Za ka biya kuɗin faifai da kuɗin aiki, washegari da asuba ka tarar da ita tana rarrafenta. Kulocin da ba ya saki alamominsa daban ne: kana giya ta ɗaya ka danne shi har ƙasa amma mota na son tafiya, ko ka danne ka jira daƙiƙa huɗu ko biyar ka sa ribas ka ji ƙarrr, ko giya ta yi tauri inji na aiki amma ta shiga salin-alin idan an kashe shi. Idan kana da waɗannan, to a duba kebul ɗin kuloci, ko iska a cikin man kuloci ga mai amfani da mai, kafin a kai ga faifai. Amma wannan wata cuta ce, ba wadda ka tambaya ba.

Gwaji na biyu da jak ake yi, kuma a yi shi da hankali. A wuri mai tauri, a sa duwatsu gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa, a ɗaga ɗaya daga cikin tayoyin gaba tunda Golf da gaba take ja, a tokare motar da kututture mai ƙwari, kada a dogara da jak shi kaɗai. Kai kana ciki, ka tayar a firi. Tayar da ke sama za ta juya, wataƙila har da ɗan sauri, kada wannan ya tsorata ka, kusan kowace mota mai giyar hannu tana yin haka da sanyi. Sai ka ɗora ƙafa a birki a hankali kana sauraren inji. Idan taya ta tsaya da ɗan taɓawa, muryar inji ba ta canza ba, mai ne. Idan sai ka danna da ƙarfi, inji ya yi nishi kamar zai mutu, maza ka taka kuloci ka kashe, akwai abin da ke kamawa a ciki. Ban yarda a tare tayar mota da hannu ko ƙafa ba, don idan ƙarfe ne ya kama, tana iya fizge mutum ko ta diro daga jak. Sannan ka maimaita gwajin nan bayan ka yi tafiya mai ɗan nisa, kamar daga Gumel zuwa Maigatari. Jan mai yana raguwa sosai da zafi. Kamun ƙarfe kuwa ba ya raguwa, sau da yawa ma ƙaruwa yake.

Kafin a kai ga cikin giyabos, akwai wani abu mai sauƙi da ake mantawa. Hannun giyar tsohuwar Golf da 'yan sanduna da bush na roba yake isa giyabos, kuma robobin nan suna cinyewa, ga ƙura ga zafi. Idan suka saki, ko mazaunin inji ya zauna, kana iya ganin hannun giya a tsakiya alhali a ciki bai koma firi sosai ba, ya bar zoben tagulla yana ɗan dafe da haƙori. Zoben nan kuwa aikinsa ke nan, ya kama ya ja. Yayin da take rarrafen, ka danne kuloci ka sa uku, ka sa huɗu, ka dawo tsakiya ka girgiza hannun hagu da dama, ka saki kuloci. Idan jan ya canza ko ya ɓace, to daga waje matsalar take, bush ne da saiti, ba sai an sauke komai ba. Kada ka bar shi ya daɗe, don yana cinye zoben. Haka ma direban da ya saba ɗora hannu a kan giya yana tafiya, ɓarnar da yake yi ke nan a hankali.

Inda abin yake zama babba shi ne idan siraran boris ɗin nan da haƙori ke zaune a kansu sun ƙone. Kusan kullum rashin mai ne ke jawo shi. Giyabos ɗin Golf wajen lita 2 kawai yake ɗauka, ba shi da sandar awo, ba shi da fitilar gargaɗi. Sil ɗin da ke bakin shaf ɗin taya ya fara tsatsa, ƙura ta rufe wurin ta yi baƙin ɓawo, ba wanda ya kula, wata da watanni mai na raguwa. A irin giyabos ɗin nan giya ta biyar ce ke fara shan wahala, don tana can ƙarshe inda mai ke fara yanke mata, shi ya sa za ka ji direba na cewa biyar tana kuka ko tana fita da kanta a kan titi. Idan boris ya ƙone, haƙori ya fara kama shaf, to mota ta zama kamar tana cikin giya ko da hannun na tsakiya. Alamarta ba ta ɓuya: ka saki kuloci a firi ta zabura ko inji ya mutu, tana ja ko a rairayi, tana ja da rana tsaka, ga ƙara ko gurnani da ke ɗaukewa idan ka danne kuloci. Wannan motar kada ka ɗauki fasinja da ita, kada ma ka ce bari in lallaɓa in kai ta Kano. Idan haƙori ya kama shaf gaba ɗaya kana cikin wata giyar, giyabos kullewa yake yi, tayoyin gaba su tsaya kana gudu. Allah ya kiyaye.

Abu biyu kuma na jawo irin wannan a yankinmu. Na ɗaya ruwa. Duk wanda ya ratsa ruwa da damina a hanyoyin Auyo, Kafin Hausa ko Ringim ya sani cewa giyabos yana da 'yar ƙofar shan iska a samansa. Idan yana da zafi ya nutse a ruwa mai sanyi, zuƙa yake yi. Mai ya gauraya da ruwa ya koma fari-fari mai yauƙi, ya bar tsatsa a kan boris, sai da hunturu abin ya bayyana. Na biyu ja da igiya, kuma wannan ya fi shafar masu ja da baya irin su Hiace, Hilux da tsohuwar Peugeot 504. A waɗannan, shaf ɗin da inji ke juyawa shi ne ke watsa mai sama. Idan inji a kashe yake aka ja mota tafiya mai nisa, shaf ɗin fita yana ta juyawa ba mai isa gare shi. Idan za a ja ta zuwa wuri mai nisa, a fara cire farfela, wato dogon shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya. Akwai kuma giyabos ɗin da aka taɓa buɗewa aka matse shi fiye da kima, ko aka sa zoben da ba nasa ba. Idan rarrafen nan ya fara ne bayan an yi maka aikin giya, ka koma wurin wanda ya yi.

To mu dawo kan mai, inda na fi zaton a nan gizo ke saƙa. Ka tuna wanda ya zuba maka man giya na ƙarshe, da abin da ya zuba. Al'ada ce a garejinmu, idan giyabos ya fara ƙara ko yana ɗiga, a ce a sa masa 140 ya yi shiru. Wasu har giris suke damawa a ciki. Ana kuma sayen na awo a gorar ruwa a bakin tasha, wanda ba wanda zai iya gaya maka lambarsa. Na fahimci dalili, kuɗi ne, kuma da zafin Afrilu motar takan yi kamar ta gode. Amma man 140 na gindin manyan motoci ne, wato inda ake raba ƙarfi ga tayoyin baya, ba na ƙaramin giyabos mai siraran hanyoyin mai ba. Da sanyi ba ya saurin shiga inda boris ke jiransa, yana hana zoben tagulla kamawa, shi ya sa ɗaya da biyu ke yin tauri da safe, yana kuma cin fetur a banza. Shirun da yake sawa rufe ciwo ne kawai. Golf irin taka 75W-90 take so, na ajin GL-4. Ka duba jikin galan za ka ga an rubuta. Lambar da ke gaban W ita ce ke nuna yadda yake gudana da sanyi, ƙarama ta fi. Na ajin GL-5 an yi shi ne musamman don gindin mota, sinadaransa sun fi yawa, kuma ba kowanne ne ke zama lafiya da tagulla ba, sai dai idan an rubuta a jikinsa cewa ya dace da duka biyun. Masu wasu motocin kada su ɗauki lambar nan su tafi da ita, kowace mota da nata. Akwai masu son 75W-80, akwai ma giyabos ɗin hannu da man otomatik ake zuba masa. Ka sayi rufaffen galan a wurin wanda ka amince da shi.

Ranar juyewa ka tsaya a kai da kanka. A juye bayan ka dawo daga tafiya, mai na da zafi, motar a wuri mai daidai. A fara kwance notin zubawa na gefe kafin na ƙasa, don kada a zubar da mai sannan a tarar na saman ya ƙi kwantuwa. A tara a kwano mai tsabta, ka ga yawan abin da ya fito. Idan bai kai rabin abin da ya kamata ba, ka san inda aka kwana. Ka ɗebo kaɗan ka fita da shi rana ka karkata kwanon. Ɗan ƙyalli launin zinariya kaɗan-kaɗan na zoben tagulla ne, tsohuwar mota ba ta rasa shi. Ka murza tsakanin yatsu biyu. Laushi kamar toka ba komai ba ne. Idan ka ji tsakuwa-tsakuwa, ko ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai walƙiya da gutsattsarin da farce ke iya ɗauka, ko a cikin man ko a jikin noti idan mai maganaɗisu ne, ko man ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙuna, to sabon mai ba zai warkar da shi ba. Idan lafiya ƙalau ya fito sai kauri, a zuba sabo har ya fara dawowa ta bakin ramin gefe, a ɗaure, a canza sil ɗin da ke ɗiga. Kada a cika shi ya wuce nan, yawansa ma yana ƙara jan. Kuma don Allah kada wani ya ba ka shawarar tsinka shi da kananzir ko gas, ko hura wuta a ƙarƙashin mota don ta yi ɗumi. Na farkon yana kashe boris, na biyun kuwa ga tiyon fetur nan a kusa.

Akwai abin da ya fi damuna a tambayarka fiye da giyabos. Ka ce tana matsawa ba kowa a ciki. Wannan ya nuna min ko birkin hannunka ba ya aiki, ko ba ka ja shi. Jan mai, komai kaurinsa, ba ya fin ƙarfin birkin hannu mai lafiya. Lokacin da kake ɗuma mota shi ne lokacin da yara ke fitowa makarantar allo, ga hazo, ga duhu-duhu, ga ɗan yaye da ke bin bayan uwarsa, ga tumaki kwance a jikin bango suna neman ɗumi. Mota mai tan ɗaya ko tafiyar hawainiya take yi, idan ta matse yaro da katanga ba ta da sauƙi. Gyaran birkin hannu sau da yawa kebul ne ko takalmin birkin baya ko saiti kawai, kuma ana samunsu a Gumel ko Haɗeja, balle kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Wannan ka fara gyarawa, tun kafin man. Kafin nan, dutse a gaban taya, kuma kada ka tayar da ita kana tsaye a waje ka zura hannu ta taga. Idan a rufaffen wuri take kwana, ka buɗe ƙofa kafin ka tayar, hayaƙin salansa yana kisa ba tare da mutum ya ji warin abin da ke kashe shi ba.

Ɗumin ma ba ya bukatar dogon lokaci. Ka danne kuloci sa'ad da kake murza makulli, don kik da batir su huta da jan haƙora cikin mai mai kauri. Inji ya kama, ka saki kulocin a hankali. Za ka ji muryarsa ta ɗan sauka ta dawo, wannan nauyin man ne, ba laifi. Minti ɗaya ko biyu sun isa, sai ka ɗau hanya a hankali, kana canza giya ba tare da ƙwace ba. Idan biyu ta yi tauri, ka ɗan dakata a tsakiya kafin ka tura, kada ka danna mata ƙarfi. Tafiyar ce ke ɗuma giyabos, ba tsayuwa ba.

Idan ka gyara birkin hannu, ka canza mai, aka duba bush da saiti, amma har yanzu tana ja bayan ta yi zafi, ko gwajin jak ya sa inji nishi, to a nan ne maganar mai cewa a sauke giyabos ta zama daidai. Ka kai wa wanda aikin giya ne sana'arsa, ka kuma ce a buɗe a gabanka. Ka nemi ya juya maka kowane haƙori da hannu a kan shaf ɗinsa. Mai lafiya yana juyawa sumul, mai ciwo za ka ji yana cijewa. Wurin da ya ƙone za ka ga ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi ko ya yi zane. Idan shaf ɗin da kansa ya ci, canza boris kaɗai ba ya daɗewa, gara a auna kuɗin gyaran da na giyabos ɗan Kwatano. Wanda za a saya kuma a duba lambar da aka buga a jikinsa ta dace da injinka, don giyabos ɗin Golf kamanninsu ɗaya amma ƙirgen haƙoransu ya bambanta tsakanin mai fetur da mai gas, kuma a zubar da man da ya zo da shi a sa sabo kafin a ɗora.